Fankar Injin Shinkafa Ta Cinye Boris Uku Cikin Wata Tara: Ina Matsalar Take?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni ke kula da injina a wani kamfanin casar shinkafa a wajen Kura. Muna da babbar fanka mai zuƙe ƙaiƙayi da ƙura, motonta kilowat 15 ne, da bel take juyawa. Cikin wata tara mun sauya mata boris sau uku. In an sa sabo sai ta yi shiru mako biyu ko uku, daga nan ƙugi da jijjiga su dawo, har noti na kwancewa. Giris kuwa ba ma wasa da shi, kullum da safe yaro yana ɗura mata. Maigida ya ce jabun boris ake kawo mana, ni kuma na fara zargin moton. Don Allah ina matsalar take, kuma wace irin kulawa ya kamata mu riƙa yi mata mu huta?"

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara buɗi. In na fahimce ka, abu biyu kake son sani: abin da ke kashe muku boris tun bai kai ko'ina ba, da kuma tsarin kulawar da za ku ɗora fankar a kai. Ban ga fankar taka ba, kuma gani ya kori ji, saboda haka ba zan yanke hukunci daga nan ba. Amma yadda ka kwatanta ciwon na sha cin karo da irinsa, kuma a mafi yawan lokuta an bar jaki ne ana dukan taiki. Boris, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye a ciki da ke riƙe sandar da ke juyawa, shi ne wurin da ciwo ke bayyana, ba lallai ba ne a can ya samo asali. A zatona abu biyu ne suka haɗu a kanku: farfelar fankar ta rinjaya gefe guda, sannan giris ya yi mata yawa.

Farfela ita ce farkon abin dubawa

Irin fankarka, wadda ake kira bulowa, gidanta kamar dodon koɗi yake. Iska na shiga ta tsakiya, farfela ta wujijjiga ta, ta fita ta gefe. Duk abin da iskar ta ɗauko sai ya bi ta kan fukafukan farfelar in ba a tare shi tun a baya ba. A injin shinkafa kuwa abu biyu take ɗaukowa, kowanne da irin ɓarnarsa. Dusa tana da maiƙo, in ta haɗu da ɗan danshin shinkafar da aka turara sai ta manne wa fukafukai kamar an yi musu yaɓe. Ƙaiƙayi kuma yana ɗauke da sinadarin yashi mai yawa, kusan kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na nauyinsa, shi ya sa yake cin ƙarfe kamar samfefa.

Muddin yaɓen ya kwanta daidai a kowane fiffike, ba ka jin komai. Ranar da wani ɓangare ya ɓamɓare daga gefe ɗaya, ranar jijjiga ke farawa. Mutane kan raina abin saboda ƙanƙantarsa, don haka bari mu yi lissafi. A ce giram 20 kacal ya rinjaya, yana zaune santimita 30 daga tsakiyar farfela, ita kuma tana juyi 1450 a minti. Ƙarfin da wannan ɗan guntu ke fizgar shaf (sandar ƙarfen da farfela ke kai) da shi ya kai nauyin kilo 14, yana zagayawa sau 24 a kowace daƙiƙa. In gudun ya ninka zuwa 2900, fizgar ba ninkawa biyu take ba, huɗu take yi, ta haura kilo 50. Wa ke ɗaukar wannan duka? Boris. Sabo yakan daure na 'yan makonni saboda bai saki ba tukuna, shi ne shirun nan da kuke samu har ku ɗauka an warke.

Gwajin ba ya cin ko kwabo. Ka kashe wuta, ka kulle makunnin, ka cire bel, ka buɗe ƙofar gidan fankar. Juya farfela da hannu ka bar ta ta tsaya da kanta, ka sa alli a fiffiken da ya tsaya ƙasa. Ka maimaita sau biyar. In kowane lokaci wuri dabam take tsayawa, to da sauƙi. In kuwa allin nan kullum shi ke komawa ƙasa, har ka ga farfelar tana dawowa baya tana lilo kafin ta tsaya, ka samu ɓarawonka.

Sai kankara. A nan ina da gargaɗi: rabin wanki ya fi rashin wanki illa. Yaro ya zura hannu ya kankare fukafukai uku da ke kusa da ƙofa ya bar sauran, ya ƙara rinjayen ne, bai rage ba. A kankare kowane fiffike gaba da baya da burushin waya har sai ƙarfe ya fito, a haɗa da faifan baya, inda ƙura ke maƙalewa ba a gani. Bayan nan a haska tocila a bi layin walda ɗaya bayan ɗaya ana neman tsaga, a duba bakin fukafukai ko ƙaiƙayi ya cinye su sun yi siriri kamar reza. Fiffiken da ya tsage a gindinsa ba a barin sa ya kai gobe, domin in ya fita a guje yana iya fasa gidan fankar.

Akwai kuma wasu 'yan guntayen ƙarafa da za ka gani an like a jikin faifan farfela, kamar an yi waldar banza. Ba banza ba ce, masu ƙera fankar ne suka sa su don daidaita nauyi. An taɓa kira na wani kamfani a Sharaɗa, fankarsu ta tashi da rawa washegarin da aka yi mata wankan ƙarshen shekara. Muna buɗewa na ga wuri fes yana ƙyalli a jikin faifan, da shatin giranda. Ashe wani yaro mai ƙwazo ne ya ga guntun ƙarfen, ya ɗauka datti ne ya ƙi fita, ya sa giranda ya share shi tas. Da muka tambaye shi, har aljihu ya laluba ya ɗauko mana guntun, bai kai kwalin ashana ba. Ban iya yi masa faɗa ba, domin ba wanda ya taɓa gaya masa amfanin abin.

Giris ɗin kullum

Na san da kyakkyawar niyya kuke yi, amma ku daina. Boris mai gudu ba ya son a cika masa ciki. Ƙa'ida ita ce giris ya ci kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin sararin da ke cikin gidan boris, sauran a bar shi fanko. In aka danƙare shi, ƙwallayen ciki sai su yi ta tuƙa giris kamar ana tuƙa tuwo, zafi ya tashi, man da ke cikin giris ɗin ya tsiyaye ya bar tauri. Matsin bindigar giris kuma yakan ture robar da ke toshe bakin boris, ƙura ta samu ƙofa. Masu ƙera boris sun ce da zarar zafinsa ya wuce digiri 70, duk ƙarin digiri 15 yana rage wa giris rabin kwanansa. Ka tuna a watan Afrilu iskar cikin rumfar kwano kaɗai ta haura 40 kafin injin ya ƙara nasa.

Akwai lissafin adadin da ake ƙarawa: faɗin boris daga waje zuwa waje a milimita, sau kaurinsa, sau 0.005, abin da ya fito giram ne. Ɗauki boris mai lamba 6310, faɗinsa 110, kaurinsa 27, ya ba ka kusan giram 15. Bindigogin giris ba ɗaya suke ba, don haka ka matsa taka sau goma a kan leda ka kai sikelin awo mai nuna giram, ka raba goma, ka san abin da matsa ɗaya ke fitarwa. Ka rubuta adadin matsawar da fenti a jikin fankar, yadda duk wanda ya zo aiki zai gani. Tazarar ɗurawar kuwa ta danganta da gudu da zafi da ƙura. Ni a wuri mai ƙura irin naku, fanka mai gudun 1450 da ke aiki yini guda, nakan fara da sau ɗaya a wata, in riƙa duba zafinta, in matso ko in ƙara tazara. In akwai takardar kamfanin da ya ƙera ta, maganarsu ta fi tawa.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma su ke kashewa. A goge bakin ɗurawa kafin a ɗora bindiga, in ba haka ba ƙurar da ke kai ita za ta fara shiga. A riƙa rufe gwangwanin giris, domin wanda ya kwana a buɗe cikin hunturu ya tashi daga giris ya koma man wasa wuƙa. Kada a gauraya iri biyu. Akwai waɗanda in suka haɗu sai su tsinke su zama ruwa. Ku tsaya a kan iri ɗaya, na litiyam mai lamba 2 ya wadatar da yawancin fankoki. Sannan ka duba lambar boris ɗinku: in ta ƙare da 2RS, rufaffe ne ta gefe biyu, da girisinsa ya zo, wanda kuke ɗurawa ba ya ma shiga ciki.

Maganar maigida, da yadda za ka gane gaskiya

Jabun boris akwai shi a kasuwa, wannan ba ƙarya ba ce, har kwalinsa yakan fi na gaskiya sheƙi. Sai dai kafin a ɗora wa mai shago laifi, a tambayi gawar. Kada ku ƙara jefar da mataccen boris. Ka sa a yanka shi da giranda, ka wanke da kananzir, ka duba hanyar da ƙwallaye ke bi. In zoben boris na waje ya cinye ko'ina a zagaye, na ciki kuma ya ci a wuri guda, rinjayen farfela ne, domin nauyin yana zagayawa tare da shaf. In zoben waje ya ci a gefe guda, gefen da bel ke ja, kuma cin ya yi zurfi, an ɗaure bel fiye da kima. In ƙarfen ya koma shuɗi-shuɗi, giris ya yi baƙi ya bushe, zafi ne. In hanyar ta dushe ta yi kaushi kamar an goge ta da yashi, ƙura ce ta shiga. In kuma ka ga 'yan ramuka a jere, tazararsu daidai da tazarar ƙwallaye, to tun ranar ɗaurawa aka kashe shi da guduma.

Wannan na ƙarshe ya fi yawa fiye da yadda makanikai ke yarda. Boris ba a dukan sa a zoben waje don ya shiga shaf. A ɗumama shi cikin mai mai tsabta zuwa digiri 80 ko 90, ba da harshen wuta ba, sai ya zura da kansa. In rufaffe ne a tura shi da bututun da ya hau zoben ciki kaɗai. In kuwa sabon boris yana shiga yana fita a hannu yana kwarkwar, shaf ɗin ne ya cinye. Dabarar nan ta tsattsaga shi da ƙusa don ya kama ba ta wuce mako guda. A kai wa masu injin gyaran ƙarfe su cike su fere shi daidai, ko a sauya.

Bel da moto

Bel ɗin da ya saki yana ƙara in an tayar da injin, shi ya sa ake yawan ɗaure shi tamau don a huta da ƙararsa. Sai dai duk abin da aka ƙara, boris ɗin fanka da na moto ke biya. Ka danna tsakiyar bel da babban yatsa da matsakaicin ƙarfi: ya kamata ya lotsa kusan milimita 16 a kowace mita ɗaya ta tazarar da ke tsakanin fuli biyu, wato faifan ƙarfen nan masu rami da bel ke hawa. Ka ɗora zare ko miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fulin biyu, ya taɓa su a wuri huɗu. In akwai rata, sun karkace. In bel uku ne a jere a sauya su tare, kada a sa sabo ɗaya cikin tsofaffi, don shi kaɗai zai ɗauki kayan. Sabon bel yana miƙewa, a sake ɗaure shi bayan kwana ɗaya ko biyu. Ka kuma leƙa gindin ramin fuli, in yana ƙyalli, bel ya nutse har ƙasa ke nan, fulin ya ƙare.

Tunda ana maganar fuli, akwai tambayar da nake so ka yi: an taɓa sauya shi don a ƙara iska? Ana yawan yin haka, kuma lissafinsa ba ya yafiya. In ka ƙara gudun fanka kashi 10 cikin ɗari, iska ta ƙaru kashi 10, amma wutar da moto zai ja ta ƙaru kashi 33. Jijjigar ma ƙaruwa take.

Zargin moto kuwa minti biyar ya isa a wanke shi ko a kama shi. Ka cire bel ka tayar da shi shi kaɗai. In ya yi luf ba rawa, ba ruwansa. Bayan an mayar da bel, ka sa mitar maƙalawa ka auna amfiya, wato yawan wutar da moto ke ja, a layi ukun na wutar. Moton kilowat 15 a kan wuta mai layi uku yakan ja wajen amfiya 28 zuwa 30 in ya ɗauki cikakken kaya, ainihin adadin yana rubuce a farantin jikinsa. Layukan su zo kusa da juna. In ɗaya ya yi nisa da 'yan uwansa, a binciki wayoyi da wutar da ke shigowa, domin ɗan bambanci a ƙarfin wuta yana jawo babban bambanci a amfiya, koyil, wato wayar da aka naɗe a cikin moto, ya yi ta gasuwa. Obalodi kuma, wato na'urar da ke katse wuta in moto ya ja fiye da kima, a saita shi bisa farantin, kada a murɗa shi sama don yana yawan katsewa. Katsewar magana yake yi maka.

Abu biyu kan rikita mutane a nan. Na farko, irin wannan fanka in bututu ya toshe amfiyarta sauka take yi, ba hawa ba, saboda iskar da take turawa ta ragu. Saboda haka in ka ga amfiya ta faɗi, ƙura kuma ta fara tashi a ɗakin casa, je ka buɗe bututu da matatar ƙura. Na biyu, bulowa ko da baya take juyawa tana fitar da iska, sai dai kaɗan. Duk ranar da aka dawo da moto daga wurin naɗin koyil, ko aka taɓa wayoyin janareta, a duba kibiyar da ke jikin gidan fankar, domin musanya waya biyu kaɗai ke juya ta baya. Na ga inda aka yi wata guda ana zagin fanka, alhali wayoyi biyu ne suka yi musayar wuri.

Ka ce noti na kwancewa. Ka duba ƙafafun fankar huɗu ko duk suna zaune daram a kan siminti, ko dandamalin ya tsage. Ka duba kuma tamfol ɗin da ke haɗa bakin fanka da bututu. In ya yage an maye shi da walda, nauyin bututun gaba ɗaya ya hau kan gidan fankar yana murɗa shi.

Tsarin kulawa

Ba wani dogon abu ba ne, littafi guda na naira kaɗan da mutum ɗaya da aka ɗora wa alhaki. Kullum, bayan injin ya yi awa guda yana aiki, ya zagaya ya saurara. Dogon sukundireba ya isa: bakinsa a gidan boris, ƙotarsa a kunne, nesa da bel, riga kuma a soke take. Lafiyayyen boris shuu yake yi sumul, mai ciwo kamar ana niƙa tsakuwa. Ya auna zafin boris biyun da na moto ya rubuta. Ma'aunin zafi mai haska jan ɗigo ba shi da tsada. In babu, bayan hannu ma ma'auni ne, abin da ba ka iya jure wa daƙiƙa biyar ya kai wajen digiri 60. Ba adadin rana ɗaya ke da muhimmanci ba, tafiyarsa ce. Boris ɗin da ya saba zama a 55 ya koma 65 ba tare da gari ya ƙara zafi ba, ya fara sallama, ko da bai yi ƙara ba. In ya doshi 80 a tsaya a duba.

Duk mako a buɗe a kankare farfela, a duba bel, a busa ƙurar da ke tsakanin haƙarƙarin moto da ragar bayansa. Moton da ƙura ta lulluɓe kamar mutum ne da bargo a tsakiyar bazara, kuma ƙarin digiri 10 a zafin koyil yana raba kwanansa biyu. Duk wata a sa giris bisa awo, a bi notuna da sifana, a rubuta amfiya. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ya haɗu da kakar shinkafa injin ba ya hutawa, ku matso da kankarar zuwa sau biyu a mako. Da damina kuma danshi ne abin tsoro: dusa ta fi mannewa, ruwa kan taru a gindin gidan fanka in ramin tsiyayarsa ya toshe, moton da ya daɗe a ajiye kuma a sa mai lantarki ya auna ko koyil ya sha danshi kafin a ba shi wuta.

Ba zan wuce maganar tsaro ba. Wanda zai zura hannu cikin fanka shi zai sa kwaɗo a makunni, makullin yana aljihunsa, ba a ce "na gaya wa wane kada ya kunna" ba. A tokare farfela da katako, don iskar da ke bi ta bututu kan juya ta ko babu wuta. Kuma kada a yi walda a jikin fanka ko bututu sai an share ƙurar ciki tas. Ƙurar hatsi in ta tashi a rufaffen wuri ta samu tartsatsi, fashewa take yi.

Inda dabarar hannu ta tsaya

Gwajin alli da na ba ka yana kama rinjaye iri ɗaya ne kawai. In farfelar siririya ce, za ka iya liƙa ɗan ƙarfe a gefen da ke kishiyar wurin nauyi, ka yi ta gwadawa har ta daina zaɓar wurin tsayawa. Amma in tana da faɗi, ko gudunta ya kai 2900, tana iya cin gwajin alli ta kuma yi rawa in an tayar, saboda nauyin gaba da na baya suna ja ta fuskoki dabam-dabam. Wannan sai mai na'urar auna jijjiga, ya daidaita ta tana juyawa a mazauninta. Ga irin waɗannan fankoki da ke ɗaure kan siminti, ƙa'idar ISO 14694, ta ƙasa da ƙasa, ta sa jijjigar milimita 4.5 a daƙiƙa a matsayin iyakar wadda aka gama gyarawa, 7.1 gargaɗi, 9 kuma a kashe. In ka kira mai na'ura ka ce ya rubuta maka adadin kafin aiki da bayan aiki, a kan kowane boris. In kuma ƙaiƙayi ya riga ya cinye fukafukan, daidaitawa ɓata kuɗi ce, sabuwar farfela za a yi, sannan a duba ko za a iya sa matatar ƙaiƙayi a gaban fankar domin iska mai tsabta ta riƙa bi ta cikinta.

Ranar Juma'a mai zuwa, in an tashi aiki don masallaci, ka yi gwajin alli kafin kankara da bayanta, ka tayar da moto ba bel, ka hana yaron nan ɗura giris. Ka aiko mini da lambar boris ɗin, da faɗin fuli biyun, da amfiyar layi ukun, da hoton cikin mataccen boris ɗin in yana nan ba a sayar wa 'yan gwangwan ba.